Maigida, Yaro da Waya: Wa Ke Koya wa Wa Aiki Daga Garwa Zuwa Injamena?

Bi layin masu gyaran babur a Garwa, ko garejojin da suka jeru a bakin titin da ya fita Marwa ya nufi Kusiri, ka tambayi masu aikin inda suka samo abin da suke ci da shi. Da wuya ka ji sunan makaranta. Sunan mutum za ka ji: a hannun wane na tashi, wane ne ya yaye ni, shekara kaza na yi ina miƙa wa wane sifana. Binciken hukumar ƙididdiga ta Kamaru ya daɗe yana nuna cewa kusan mutum 9 cikin 10 na masu aiki a ƙasar suna cin abinci ne a sana'o'in da ba su da rajista, ba albashin wata, ba fansho, kuma a Chadi lamarin bai gaza haka ba. Ke nan babbar makarantar koyon aiki a wannan yanki namu ita ce gareji, da shagon tela, da rumfar mahauci, da maƙera, da gaban tirela inda karen mota ke zaune yana kallon ƙafar direba. Duk wanda zai yi maganar horar da ma'aikata ko karatu ta intanet a arewacin Kamaru da Chadi, in bai fara daga nan ba, maganar 'yan tsiraru yake yi.

Manyan kamfanonin duniya, bayan sun shafe shekaru suna zuba kuɗi a ɗakunan horo, sun juyo suna neman abin da muke da shi tun kaka da kakanni. A shekarun 1980 wasu masu bincike a Amurka, Morgan McCall da Michael Lombardo da abokan aikinsu, sun tambayi shugabannin kamfanoni kusan 200 yadda aka yi suka iya aikinsu. Daga irin waɗannan amsoshi aka fitar da lissafin nan da ya yi tashe, 70:20:10, wato kashi 70 na ƙwarewa daga aikin kansa yake zuwa, musamman wanda ya fi ƙarfin mutum da farko, kashi 20 daga mutanen da ake aiki tare, kashi 10 kacal daga aji da littafi. Ba abu ne da aka ɗora a sikeli ba, tunowar mutane ce game da rayuwarsu, kuma masana da dama sun soki yadda aka mayar da shi tamkar doka. Amma gaskiyar da ke ƙarƙashinsa tana nan daram. A wannan tsakanin ne wani mai bincike, Julian Orr, ya riƙa bin masu gyaran injin kwafin takardu na kamfanin Xerox, ya tarar ba littafin umarnin kamfani ke fitar da su kunya ba idan inji ya yi gardama. Labaran da suke ba juna wajen karin kumallo da abincin rana, na injin da ya wahalar da wane da yadda aka shawo kansa, su ne ainihin karatunsu. Daga baya kamfanin ya buɗe rumbu a kwamfuta don tara waɗannan dabaru na bakin ma'aikata. Mafi yawan abin da ake tallatawa yau a fagen horar da ma'aikata, gajerun darussa a waya, haɗa sabon shiga da tsohon hannu, koyo ana tsakiyar aiki, irin wannan tunanin yake bi.

Wadda aikinta ya fi kusa da mu ita ce wata mai bincike, Jean Lave, da ta zauna da telolin Monrobiya a Laberiya a shekarun 1970. Ta lura cewa yaron tela daga ƙarshen aiki yake farawa, sannan ya gangaro zuwa farkonsa. Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela a unguwar Hausare ta Garwa ana saura sati biyu Sallah ya san haka ba sai an gaya masa ba. Sabon yaro ba ya taɓa almakashi. Aikinsa share tsummoki, hura gawayin dutsen guga, sa maɓalli, tsinke zaren da ya yi saura. A nan ne hannunsa ke shafar rigar da aka gama, idonsa na ganin yadda wuya ya zauna, inda aljihu ya faɗa, yadda kafaɗa ta sauka. Bayan watanni sai a ɗora shi a keke ya yi kalmasa, sannan wandon yara, sannan haɗa hannun riga. Yanka shi ne na ƙarshe, domin maɓalli in ya karkace ana kwance shi, amma shaddar mutane in aka yanka ta ba daidai ba ta tafi ke nan, kuma maigida ne zai biya. Babu wanda ya rubuta wannan manhaja, amma cikakkiya ce, tana kare dukiyar mai kaya tana kuma gina yaro hawa-hawa. Tare da ɗinkin kuwa yana ɗaukar abin da ba a sa wa suna: yadda ake ba mai kaya haƙuri idan alkawari ya saɓa, wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, yadda ake tsayar da farashi a gaban Alhajin da ya saba da ragi.

Ina ganin girman wannan tsari ƙwarai, kuma saboda haka ne ba zan rufe ido ga rauninsa ba. Yaro yana gadar abin da maigidansa ya sani daidai, yana kuma gadar abin da ya sani a karkace, ya miƙa wa nasa yaran. Ana nuna yadda ake yi, ba a cika faɗin dalilin da ya sa ake yin hakan ba, shi ya sa da zarar kaya sun canza sai hannu ya rasa madafa. Akwai iyayen gida masu tsoron Allah da ke riƙe yaro kamar ɗan cikinsu, akwai kuma wanda in an zo wurin da sirrin aikin yake sai ya aiki yaro sayen shayi. Shekara guda ko biyu na farko kan ƙare a aike da wanke-wanke. A ƙarshe babu takardar da za a nuna wa wanda bai san maigidan ba. Mata kuwa, in ban da ɗinki da kitso da girki, ƙofar ba ta cika buɗe musu ba.

Ana cikin haka sai kayan aikin kansu suka canza a hannun masu gyara. Makaniken da ya tashi a zamanin Peugeot 504 da kafireta, kunnensa da hancinsa su ne ma'auninsa. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motoci wata kafa ta bai ɗaya, OBD, wadda ake jona wa na'ura ta karanto abin da ƙwaƙwalwar mota ta rubuta. Turai ta bi sahu a 2001 ga masu fetur, a 2004 ga masu dizal. Waɗannan motoci su ne yau ke sauka a tashar Duwala a matsayin na hannu, su hauro Ngaundare, wasu su tsaya Garwa da Marwa, wasu su haye gadar Ngeli su shiga Injamena.

Ga yadda abin kan kasance. An kawo mota ba ta da ƙarfi, tana karkarwa in an tsaya, wata fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba. Maigida ya saurara, ya canza fulogi, ya wanke nozul, ba ta daina ba. Wani yaronsa da ya ɗan yi makarantar sakandare kafin ya bari ya matso ya rage murya: "Maigida, in ka yarda in jona mata na'ura." Ƙaramar aba ce da ke shiga tafin hannu, ana soka ta ƙarƙashin sitiyari, tana magana da waya ta Bluetooth. Lamba ta fito, P0171. Yaro ya rubuta ta a YouTube, ga wani makanike yana bayani da Faransanci cewa iska ta rinjayi mai a cikin injin. Sai dai lambar ba ta faɗi ta ina matsalar ta shigo ba. Yana iya zama na'urar auna iska ce ta yi datti, ko famfon mai ne ya yi sanyi, ko wani tiyo ne ya tsage yana zuƙar iska ta ɓarauniyar hanya. A nan maigida ya karɓi aikin. Ya ce a tada ta, kowa ya yi shiru, ya sunkuya ya kasa kunne, yana bin tiyo da ɗan yatsa har ya kai inda yake huci. "Ga ta nan. Ɗauko wuƙa ka yanke bakin, mu sake ɗaure shi."

Da yaron ne shi kaɗai, da ya sa mai mota sayen sabuwar na'urar auna iska mai tsada alhali tata lafiya lau. Da maigidan ne shi kaɗai, da ya kwana uku yana canza abin da bai lalace ba. Waya ta rage zato, kunne ya kammala. Amma wani abu ya motsa a garejin wanda ya wuce gyaran mota. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma har gobe haka ne a kan sha'anin mutane da zaman duniya. A kan ƙwaƙwalwar mota kam, yaro ya samu abin hawa da ya fi rimi tsawo. Iyayen gida sun kasu biyu a nan. Wani ya ɗauki abin raini, ya hana taɓa waya a wurin aiki. Wani ya ciro kuɗinsa ya sayi na'urar, ya zaunar da yaron bayan la'asar ya ce nuna mini, kuma bai ragu da komai ba a idon yaransa. Irin na biyun ne za su riƙe masu sababbin motoci, domin motocin ba za su koma zamanin kafireta ba.

Abin da ya fi YouTube tasiri a wurinmu ma shi ne saƙon murya. Tun da WhatsApp ya shigo da shi a 2013, wanda bai yi boko ba ya samu wurin zama a zauren. Masu gyaran waya, masu haɗa sola, teloli, direbobin tirelar da ke bin hanyar Ngaundare zuwa Injamena, kowane rukuni da zaurensa. Mai gyara ya buɗe cikin Tecno ko Itel da ta ƙi caji, ya ɗauki hoto ya tura, kafin magariba wani daga Marwa ko Kano ya zana masa da jan layi inda zai ɗora dalma. Makanike ya naɗi ƙarar inji ya tura, dattawan sana'a uku su yi gardama a kai. Hirar nan ce ta ma'aikatan Xerox, sai dai majalisar ta faɗaɗa daga bakin Binuwai har gaɓar tafkin Chadi.

Bahaushen Kamaru da na Chadi yana da wata dama a nan da bai cika lura da ita ba. A mahaɗar harsuna yake zaune: Fulatanci a kasuwar Garwa da Marwa, Larabci a Kusiri da Injamena, Faransanci a takarda, Hausa a gida. Yawan masu jin Hausa a Najeriya da Nijar ya sa bidiyon koyar da ɗinki, girki, gyaran waya da kiwon kaji da Hausa ya fi na ƙananan harsunan yankin yawa nesa ba kusa ba. Maƙwabcinsa Batufure ko Bamasa ko Bakotoko ba shi da irin wannan taska da harshen uwarsa. Abin da ke damuna shi ne ruwan ta hanya ɗaya yake gudu. Muna sha daga Kano da Abijan da Indiya, amma majeman Marwa, waɗanda suka san gwargwadon bagaruwa da toka da fatar akuya ke buƙata da kallo kawai, da masu kilishin Ngaundare, suna tsufa ba wanda ya tsaya da waya ya naɗi hannunsu yana aiki.

To, a kwatanta wannan da ɗaya fuskar, karatu ta intanet na hukuma, mai rajista da jarrabawa da takardar shaida. A 2012 aka yi ta shela cewa manyan jami'o'in Amurka sun buɗe darussansu ga duniya ta shafukan intanet na Coursera da edX, talaka a ko'ina zai yi karatun Harvard daga ɗakinsa. A 2019 wasu masu bincike biyu na jami'ar MIT ta Amurka suka duba alƙaluman darussan Harvard da MIT a edX, suka tarar a zangon 2017 zuwa 2018 kusan kashi 3 cikin 100 ne na waɗanda suka yi rajista suka kai ƙarshe, kuma mafi yawan masu shiga daga ƙasashe masu arziki suke. A Kamaru an sanar a 2016 da rabon kwamfutoci 500,000 ga ɗaliban jami'a da rancen China, aka fara rabon a ƙarshen 2017. Da annobar korona ta sa aka rufe makarantu ranar 18 ga Maris 2020, aka koma darasi ta talabijin ɗin CRTV da rediyo da intanet, a nan kowa ya ga inda gizo ke saƙa. Jihohin arewacin Kamaru uku sun daɗe suna dogaro da lantarkin madatsar Lagdo da ta fara aiki a 1982, kuma duk shekarar da ruwanta ya ja baya sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin sola na Marwa da Gidar sun rage zafin abin, ba su kawar da shi ba. A Chadi kusan mutum 1 cikin 10 ne ke da lantarki, data na da tsada, kuma daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, wata 16 ke nan, WhatsApp da Facebook a toshe suke. Makarantar da za a iya rufewa da umarni ɗaya, ba a jingina mata rayuwa kacokan.

Sai dai a ganina ko an gyara wuta an sauke kuɗin data, matsalar ba za ta kau ba, tunda kashi 3 ɗin nan galibi a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa aka same shi. Bambancin yaron gareji da mai rajistar kwas shi ne yaron ya je wa waya da tambaya a hannunsa, mota na tsaye, mai ita na zaune a benci yana jira. Amsar da ya samu nan take zai gwada ta, in ba daidai ba ce injin zai ƙaryata shi a gaban kowa. Mai kwas kuwa an jibge masa amsoshin tambayoyin da bai taɓa yi ba, shi kaɗai cikin dare bayan ya gaji, ba mai tambayarsa ina aka kwana. Waya tana ƙara wa mai sana'a ilimi sosai. Wanda bai riga ya shiga sana'ar ba, ba ta iya ba shi hannu.

Wannan ciwon ne ke damun horo a ofisoshinmu. Tun da rikicin Boko Haram ya tsallako jihar Arewa Mai Nisa wajen 2014, Marwa da Mokolo da Kusiri suka cika da ƙungiyoyin agaji, haka ma yankin tafki a Chadi, kuma al'adar seminar ta ƙara ƙarfi: kwana uku a ɗakin taron otal, majigi a bango, shayi da ƙarfe goma, kuɗin zama a ambulan, takardar halarta da hoto ranar ƙarshe. Ba na raina wannan. Ga ma'aikacin jinya na ƙauye kuɗin zaman yana toshe wata kafa, kuma akwai abin da sai an taru ake koya. Amma a duba wa ake turawa. Sau da yawa shugaban sashe ne, ko wanda layi ya zo kansa, ba wanda zai riƙe allurar ko na'urar ba. Tun 1959 wani masani Ba'amurke, Donald Kirkpatrick, ya ce ana auna horo da tambayoyi huɗu: mahalarta sun ji daɗinsa, sun koyi wani abu, sun canza yadda suke aiki, kuma sakamakon aikin ya canza? Mafi yawan horonmu a tambaya ta farko yake tsayawa, da takardar da ake cikewa kafin a tashi. Da aka mayar da irin wannan horo kan kwamfuta sai ya tafi da halinsa: ma'aikaci na danna maɓallin gaba har ya kai ƙarshe, a wani wurin ma mutum ɗaya mai saurin Faransanci ko Turanci ke yi wa kowa jarrabawar. Alhali tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka haddace ba a maimaita ba, mafi yawansa cikin 'yan kwanaki yake zubewa.

Inda horo ke kamawa, za ka tarar akwai mai biyo mutum har wurin aikinsa. SODECOTON, kamfanin auduga na Kamaru da aka kafa a 1974 da hedikwata a Garwa, ta daɗe da gina aikinta kan malaman gona masu zaga ƙungiyoyin manoman auduga, suna nuna tazarar shuka da awon taki da lokacin feshi a cikin gonar kanta. Ana iya gardama kan farashin auduga, amma hanyar isar da ilimin ta dace da yadda mutane ke koyo. Haka ungozomar da aka nuna wa yadda ake farfaɗo da jaririn da bai yi kuka ba, a kan 'yar tsana, a cikin ɗakin haihuwar da take aiki, ana maimaitawa lokaci-lokaci, ta fi wadda ta yi mako guda a otal riƙe abin. A irin wannan wurin ne waya ke da gurbi na gaske: bidiyon minti uku, da harshen da mai kallo ke ji, wanda za a sauke sau ɗaya a yi ta turawa daga waya zuwa waya ba tare da data ba, a kalla da safe a gwada da rana a gaban wanda ya iya.

Akwai rukuni ɗaya da waya ta buɗe wa ƙofar da a da babu ita sam, su ne matan aure da ke cikin gida. Mace a Garwa ko Injamena tana biyan kuɗin shiga ta Orange Money ko Airtel Money, a sa ta a zauren da wata ke koyar da haɗa turaren wuta da humra, ko zanen lalle, ko kek ɗin biki, ko sabulun ruwa. Ta koya, ta gwada a madafinta, ta turo hoto, malamar ta ce "Hajiya, wutar ta yi yawa, rage ta." Wannan makaranta ce ta gaske, kuma ta ciyar da gidaje. Haɗarinta shi ne babu mai tantance malamar. Ana koyar da narka sodar sabulu ba a ambaci safar hannu da kare ido ba, ana koyar da haɗa man shafawa na ƙara haske da magungunan da ke lalata fata har su taɓa ƙoda. Manhajojin nan masu amsa tambaya, irin su ChatGPT da ya fito a ƙarshen 2022, sun ƙara wa wannan matsala nauyi, domin suna ba da amsa daidai da amsar kuskure da murya ɗaya mai gamsarwa, kuma wanda ya riga ya san aikin ne kaɗai ke iya rarrabewa.

Maganar takarda kuma ba ƙarama ba ce. Mai walda da ya shekara 15 yana aiki, idan babban kamfanin gini ya zo neman ma'aikata, sai a tsallake shi a ɗauki mai difloma da bai taɓa haɗa ƙofa ba, daga baya a dawo a ɗauke shi ɗan kwangilar yini. Faransa tun 2002 ta buɗe hanyar ba mutum shaida bisa ƙwarewar da ya samu a wurin aiki, kuma dokar koyar da sana'o'i ta Kamaru ta 11 ga Yuli 2018 ta amince da wannan hanya. Amma in cike takardun da Faransanci ne, jarrabawar ma a rubuce, to an buɗe ƙofa ne ga wanda dama yana ciki. Jamhuriyar Benin tun tsakiyar shekarun 2000 ta bi wata hanya mai ma'ana: yaro yana nan a hannun maigidansa, amma rana ɗaya a mako yana zuwa cibiya a koya masa lissafi da dalilan abin da hannunsa ke yi, a ƙarshe ya samu shaidar da ƙasa ta sani, kuma ƙungiyoyin masu sana'a na da ta cewa a tsarin. A watan Yunin 2023 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da shawara mai lamba 208 kan koyon sana'a a hannu, wadda ta nemi a riƙa rubuta yarjejeniya, a ba mai koyo wani abu, a kayyade masa lokacin aiki, a kare lafiyarsa.

Wannan batu na yarjejeniya shi ne ya fi gaggawa a wurinmu, domin waya ta girgiza tsohon alkawarin da ke tsakanin maigida da yaro. A da uba kan kai ɗansa ya ce ga amana. Yaro ya ba da ƙarfinsa na shekaru, maigida ya ba da ilimi da abinci, wani lokaci har wurin kwana, ranar yaye ya yi masa addu'a ya haɗa masa keke ko akwatin sifana, wani ma ya yi masa aure. Yau yaro yana ganin rabin ilimin na cikin aljihunsa, sai ya ce don me zan yi shekara biyar, bayan 'yan watanni ya kafa rumfarsa. A harkar sola aka fi ganin illar: siririyar waya inda ake buƙatar mai kauri, ba fis, batir ya mutu kafin shekara, wani lokaci gobara. Shi kuma maigida ya ce don me zan buɗe wa mai shirin gudu cikina, sai ya ƙara riƙe abin da ya sani. Kowannensu yana da hujja, kuma sana'ar ce ke asara.

Masu iya ɗinke wannan ɓaraka suna nan: ƙungiyoyin makanikai da teloli, da sarakunan sana'a irin su sarkin fawa da sarkin maƙera da har yanzu ake jin maganarsu a fadar lamido. Su ne za su iya tsayar da cewa shekara kaza ake yi, ga abin da za a nuna wa yaro a kowace shekara, kuma jarrabawar yaye ta zama mota mai ciwo ko yadi da almakashi a gaban iyayen gida uku waɗanda ba nasa ba, da Hausa ko Fulatanci ko Larabci, hukuma ta sa hatimi. Su ne kuma za su iya sayen babbar na'urar binciken mota guda ɗaya ta ƙungiya, a shirya wa iyayen gida kansu darasin yamma kan wutar mota da batirin sola, don maigida ɗaya da aka ƙara wa ilimi yana nufin duk yaran da za su ratsa hannunsa.

Saura wa zai biya ranar da yaro ba ya shago, da malamin da zai koyar. Kamaru tana da asusun samar da aiki, FNE, tun 1990, wanda kamfanoni ke zuba wa kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya. Chadi tana da asusun horar da sana'o'i, FONAP, da ke samun kuɗi daga harajin koyon sana'a. Kamfanoni masu rajista ne ke biyan wannan kuɗi, kuma suna iya cewa a kashe shi kan ma'aikatansu. Sai dai motocinsu a waɗannan garejoji ake gyara su, kakin masu gadinsu a waɗannan shaguna ake ɗinka shi, direbobin da ke kai musu siminti daga Figil da auduga zuwa Ngaundare kuwa galibinsu daga karen mota suka fara. Suna cin moriyar wannan horo tun tuni, kuma har yanzu maigida ne ke ɗaukar nauyinsa daga aljihunsa.